Kalmomin Sukuwa, Caca da Tattalin Doki a Ƙasar Kanambakashe da Tasawa

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a duba wani rukuni na kalmomin Hausa wanda a yau yake cikin hali iri biyu. Sashe guda nasa tsoho ne, yana kuma neman ɓacewa daga bakin matasa, wato kalmomin da suka shafi doki kansa, da launinsa, da tafiyarsa, da kayan hawansa. Ɗaya sashen kuwa baƙo ne, ya shigo ta hanyar Faransanci tare da cacar tseren dawaki, har yanzu kuma bai sami tsayayyar kama a rubuce ba. Mun ɗauki ƙasar Kanambakashe ta gundumar Mayahi, da maƙwabciyarta Tasawa, dukansu cikin jahar Maraɗi, don su zama madogararmu, saboda wuri ne da doki bai rabu da sarauta da bukukuwa ba, kuma mutanensa suna yawan zuwa cin rani birane inda ake sayar da tikitin caca. Ko sunayen garuruwa ma shaida ne: ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin gundumar Tasawa sunanta Hawandawaki.

Batun ya wuce sha'awar masu tattara kalmomi. Tun da kundin da hukumomin Nijar suka fitar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, buƙatar littattafan karatun manya da ƙasidun wayar da kai za ta ƙaru, kuma duk wanda zai rubuta wa manomi ko makiyayi takarda a kan lafiyar dabba ko a kan lissafin kuɗi, dole ne ya yanke shawara a kan kalmar da zai sa. Idan ya sa wadda mai karatu bai sani ba, aikin ya tashi a banza. Idan kuma ya sa wadda ta ɓoye gaskiyar abin, to ya cuci mai karatu ne da hannunsa.

Inda kalmomin suka fito

Doki ya daɗe a ƙasar Hausa a matsayin kayan yaƙi da alamar mulki. Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga wajen 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. A wannan yanki namu kuwa, bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, zuriyar sarakunanta na dā suka koma arewa, aka kafa Maraɗi, kuma kusan duk tsawon ƙarni na 19 ana kai hare-hare a kan dawaki tsakanin Maraɗi da Tsibiri da Tasawa a gefe guda, da ƙasashen daular Sakkwato a ɗaya gefen. Daga yaƙi a kan dawaki ne sarautu irin su Madawaki da Ubandawaki da Barde da Shamaki suka sami nauyinsu. Da yaƙi ya ƙare, sai kalmominsa suka koma filin idi: jahi, wato sukuwar da mahaya suke yi su zo gaban sarki su ja linzami su ɗaga makami don gaisuwa, ragowar horon yaƙi ne.

Mai nazarin harshe zai lura da cewa manyan kayan hawa sunayensu na aro ne daga Larabci. Sirdi daga sarj yake, linzami daga lijam, likkafa daga rikab, lifidi daga libd.  Greenberg ya yi bayanin irin wannan aro a 1947, kuma Robin Law, a littafinsa na 1980 a kan tarihin doki a Afirka ta Yamma, ya kafa hujja da shi wajen nuna cewa hawa da sirdi da likkafa daga arewa ya zo. Amma doki da goɗiya da ƙofato da geza da haniniya, ba a ga alamar aro a jikinsu ba. Wato dabbar ta riga kayanta zama a cikin harshen.

Wata hanyar aro ita ce ta Abzin. Akawal, baƙin doki, daga harshen Abzinawa yake, inda tushen kalmar yake nufin baƙi. Aharas ma kamarsa ta nuna daga can ya fito. Wannan bai zama abin mamaki ba, domin ayarin Abzinawa ya saba bi ta Damargu ya sauko Tasawa a kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano, kuma dokin Bagazan, mai sunan duwatsun Abzin, yana cikin waɗanda aka fi yabo.

Launi, jinsi da tafiya

Ƙamus ɗin Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun tattara sunayen dawaki masu yawa. Waɗanda har yanzu ake ji a bakin dattawa sun haɗa da kili, wato farin doki, da akawal, da danda, mai dabbare-dabbaren fari da wani launi, da hurde, mai toka-toka da ɗigo-ɗigo, da gunya, mai launin madara, da bidi, wanda farin gashi ya cuɗanya da mai duhu a jikinsa, da bikili da aharas, waɗanda duka suke wajen ja mai duhu. Iyakar da ke tsakanin waɗannan sunaye ba a miƙe take ba. Abin da wani ya kira bidi, wani zai ce hurde ne, kuma doki mai toka-toka yana ƙara haske da shekaru har ya koma kili. Saboda haka kuskure ne mai tsara ƙamus ya ɗauki kowace kalma ya liƙa mata kalmar Faransanci guda ɗaya kamar an auna su da mudu. Abin da ya fi shi ne a ba da hoto, a kuma faɗi garin da aka ji kalmar.

Ta wajen jinsi da girma akwai ingarma, ƙosasshen namiji. Da goɗiya, tamace. Da dukushi, ɗan doki wanda bai isa hawa ba. Da ƙuru, gajeren doki. A nan ya kamata mu tsaya kaɗan, domin wannan rukuni ya ba malamin yaƙi da jahilci kyauta wadda ba kasafai ake samun irinta ba. Doki da ɗoki, godiya da goɗiya: ga kalmomi nan biyu-biyu waɗanda ƙugiyar harafi kaɗai ta raba su, kuma kowane ɗalibi ya san ma'anarsu tun yana yaro. Wanda ya rubuta wa surukinsa cewa ya aiko da goɗiya mai yawa, alhali godiya yake nufi, ba zai sake mantawa da bambancin d da ɗ ba. Taron Bamako na 1966, da na Yamai na 1980 wanda ya daidaita rubutun Hausar Nijar da na Najeriya, da dokar rubutu ta 1999, duk sun tabbatar da haruffa masu ƙugiya, amma har yau su ne suka fi faɗuwa a allunan kasuwa da saƙonnin waya.

Akwai kuma batun karin harshe. A Mayahi da Tasawa, kamar sauran ƙasar Katsina da Gobir, sautin da daidaitacciyar Hausa take rubutawa da f yakan fito h ko hw, sai a ji hwarin doki da lihidi. Ra'ayinmu shi ne littafin karatu ya bi daidaitaccen rubutu, malami kuma ya bar ɗalibi ya furta yadda ya saba. Hurde kuwa, da yake da wannan kama ya fi yaɗuwa, babu dalilin tilasta masa zama furde.

Kalmomin tafiya su ne suka fi muhimmanci ga abin da zai biyo baya. Taƙama ita ce tafiyar ƙasaita a hankali, irin ta ranar hawa. Sassaƙa ita ce ɗan gudun da doki yake yi yana ɗaga ƙafafu biyu-biyu, ta gaba ta dama tare da ta baya ta hagu, sa'an nan ya sauya. Sukuwa ita ce cikakken gudu. Zamiya ita ce tsayawar da yake yi farat ɗaya idan an ja linzami, ƙafafun baya suna jan ƙasa. Kilisa kuwa fita ce da doki don ya motsa jini. Abin lura shi ne yawancin waɗannan kalmomi, da na kayan hawa, suna nan da ransu a cikin maganar yau da kullum ko da a bakin wanda bai taɓa hawa ba: a ƙara ƙaimi, a ja masa linzami, ya riƙe ragamar mulki, likkafarsa ta ci gaba, ya hau dokin naƙi, matsaloli sun dabaibaye aiki. Saurayin da ke tuƙa kabu-kabu yana faɗar waɗannan duka, amma sau da yawa ba zai iya nuna ragama a jikin doki ba, balle ya bambanta ta da linzami, ko ya bambanta dabaibayi da tarnaƙi. A fagen bori ma, wanda Jacqueline Monfouga-Nicolas ta yi nazarinsa a kwarin Maraɗi a littafinta na 1972, wanda iska take hawa doki ake ce masa, mace kuma goɗiya.

Sukuwa da tsere

Tsere a fili mai da'ira, da tuta da alƙalai da lambar yabo, Turawa ne suka kawo shi. A Najeriya kusan kowane babban gari na zamanin mulkin mallaka yana da filin sukuwa. Na Legas shi ne aka mayar Dandalin Tafawa Ɓalewa, na Kaduna ya zama Dandalin Murtala, na Kano kuma har yanzu da sunan ake kiran wurin. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya shahara da son tsere da wasan ƙwallon dawaki, ɗansa Usman Nagogo kuma ya gaje shi a wannan. A Nijar akwai filin tsere a Yamai, akwai kuma hukumar wasannin dawaki ta ƙasa, masu dawaki kuwa sun saba ƙetara iyaka ta kowane gefe don gasa. A ƙauye abin ya fi sauƙi: ranar salla ko naɗin sarauta ko wani biki, a sami fili mai yashi, samari su saki dawaki, wanda ya zo na fari ya sami kyauta daga hannun manya.

Jama'a suna kiran wannan duka sukuwa, kuma a nan gida sunan ya dace, tun da babu tseren da ake yi ba da sukuwa ba. Matsala tana tasowa ne idan aka zo ga tseren Faransa, wanda a kansa ne hukumar cacar ƙasa ta Nijar, LONANI, take karɓar kuɗin masu buga PMU. Can tsere iri uku ne. Akwai na fili sumul, irin wanda ake yi a Longchamp, inda babbar gasarsu ta watan Oktoba take da tsawon mita 2,400. Akwai na tsallake shinge, irin na Auteuil. Akwai kuma na sassaƙa, wanda cibiyarsa Vincennes ce, inda galibi doki yake jan ɗan keke mai ƙafa biyu da mutum a kai, kuma babbar gasarsa, wadda aka fara a 1920, ana yin ta a ƙarshen Janairu a kan mita 2,700. A wannan iri na uku, dokin da ya ɓarke da sukuwa ya ƙi komawa sassaƙa, fitar da shi ake yi ko da shi ne a gaba. Ga Bahaushe wannan abu ne mai wuyar shiga kai, a ce ana tsere kuma gudu ya zama laifi, kuma idan fassara ta kira abin sukuwa to ta ƙara rikita shi. Shawararmu ita ce a ɗauki tseren dawaki ya zama babban suna, a ƙarƙashinsa a sami tseren sukuwa, da tseren tsallake, da tseren sassaƙa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake buƙatar aro.

Yadda cacar take aiki

Kafin a zaɓi kalma sai an fahimci abin. Tsarin da ake bi wani mutum mai suna Joseph Oller ne ya ƙirƙiro shi a Faransa cikin shekarun 1860, dokar 1891 ta halatta shi a filayen tsere, ta 1930 kuma ta ba da izinin karɓar kuɗi a wajen fili, wanda shi ne asalin PMU. A 1954 André Carrus ya kawo wasan zaɓen dawaki uku, a 1976 aka ƙara na huɗu, a 1989 na biyar. Su ne kunne yake ji a rumfunan tikiti da kama irin tiyarse da karte da kente.

Ma'anar tsarin a taƙaice ita ce masu wasa junansu suke ci. Ana tara kuɗin kowa wuri guda, hukuma ta cire kasonta da na gwamnati tun kafin a saki dawaki, abin da ya rage a raba wa waɗanda suka dace. Bari mu ƙaddara misali da adadin da muka zaɓa don sauƙin lissafi kawai. A ce an sayar da tikiti 5,000, kowane a kan 200 F, an tara 1,000,000 F. A ce an cire kashi 30 cikin 100. Saura 700,000 F. Idan tikiti 100 ne suka dace, kowane zai sami 7,000 F. Idan kuwa dokin da kowa yake sa wa rai ne ya zo, har tikiti 2,000 suka dace, kowane 350 F zai samu. Ko yaya tseren ya kaya, jimillar abin da ya koma hannun masu wasa bai kai abin da suka zuba ba. Wannan ba zamba ba ce da wani ya ɓoye. Haka aka gina abin. Amma ba a rubuta shi a jikin tikiti da harshen da mai saye zai karanta ba.

Sai kuma yawan hanyoyin da tsere zai iya ƙarewa. Idan dawaki 16 ne suka fita, na ɗaya da na biyu da na uku za su iya jeruwa ta hanya 3,360, wato 16 sau 15 sau 14. Idan ba a damu da jeri ba, hanyoyin 560 ne. A wasan dawaki biyar kuwa, jeri daidai hanya 524,160 ne, ba tare da jeri ba 4,368. Gaskiya ne dawaki ba ƙarfinsu ɗaya ba, saboda haka wanda ya san su ya fi mai zaɓe da ka. To amma abin da ya sani dubban mutane ma sun karanta shi a takardar hasashe guda, kuma mun riga mun ga abin da yake faruwa da rabo idan masu dacewa suka yi yawa.

Yawancin kalmomin takardar tsere suna da Hausa mai kyau. Abin da Faransanci yake kira ordre da désordre, a jere ne da a hargitse. Gagnant shi ne na fari. Placé shi ne wanda ya shiga sahu, kuma dole a bayyana cewa bisa ƙa'idar Faransa sahun nan uku na farko ne idan dawaki sun kai 8, biyu na farko idan daga 4 zuwa 7 ne. Non-partant, wanda bai fita ba. Favori, wanda aka fi sa wa rai. Rapport, rabon da ya fito. Handicap kuwa daidaita nauyi ne, domin a irin wannan tsere ana ƙara wa dokin da ya fi ƙarfi kaya don a rage ratar da ke tsakaninsa da sauran. Wanda ya fassara shi da naƙasa ya kauce ƙwarai. Haka nan musique, jerin lambobi da haruffan da ke nuna matsayin doki a tserensa na baya, ba kiɗa ba ne. Tarihin gudunsa ne. Tiyarse da karte da kente kuwa, a ganinmu a bar su yadda baki ya riga ya karɓe su, a dai tsayar musu da rubutu guda, domin sunaye ne na wasanni, kuma ƙirƙiro musu sababbi ba zai kori na aron ba.

Inda haɗari ya fi yawa shi ne ƙirgan kuɗi. A Hausar Nijar dala 5 F ce, jikka kuma 1,000 F. Tikitin 200 F dala arba'in ne a baki, rabon 350 F kuma dala saba'in. Sabon mai karatu da ya ga 350 a allo, abin da ya fi kusa da shi shi ne ya karanta dala ɗari uku da hamsin, wato 1,750 F, ninki biyar na gaskiya. Wannan matsala ba ta caca kaɗai ba ce, tana nan a takardar bashin taki da rasiɗin asibiti, kuma kowane littafin lissafi na manya ya kamata ya ware mata darasi.

Daga nan sai kalmar caca kanta. Wasu masu talla sun fi son su ce wasa, ko gasa, ko tambola, saboda caca tana da nauyi a kunnen jama'ar da kusan dukansu Musulmi ne, kuma hanin yana cikin Alƙur'ani, a sura ta 2 da ta 5. Mai tsara harshe ba alƙali ba ne, amma ba aikinsa ba ne kuma ya sassauta suna don abu ya sami kasuwa. Malaman Malikiyya sun riga sun yi bambancin da muke buƙata: Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil duka sun yi magana a kan tseren dawaki da raƙuma da harbin kibiya, sun kuma halatta kyautar da wani ya sa wa wanda ya yi nasara, bisa sharuɗɗa. Saboda haka abin da sarki ko attajiri ya ba mahayin da ya zo na fari a Kanambakashe kyauta ce ko tukuici. Abin da ƴan kallo suka zuba don su ci na juna caca ce, ko a bakin fili aka yi ta ko a rumfar tikiti. Hausa tana da kalmomin biyu, kuma ba ta taɓa haɗa su ba.

Tattalin doki

Hukumar lafiyar dabbobi ta duniya ta amince da babi na musamman a kan kyautata wa dawaki da jakuna na aiki a 2016, kuma tun daga nan ƙasidu suke ta fitowa da Faransanci a kan abin da suke kira bien-être. An fassara shi da jin daɗin dabba, wasu kuma walwalar dabba. Dukansu biyu ba su zauna ba. Manomin da bai gama samun nasa jin daɗin ba, dariya zai yi. Muna ganin kalmomi biyu ne suka raba aikin. Tattali shi ne abin da mai doki yake yi, na ci da sha da kulawa. Haƙƙi shi ne abin da dokin yake bin sa, kuma wannan ba baƙon tunani ba ne, domin a fiƙihun Malikiyya ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu makiyaya. Wanda aka ce masa yana ɗaukar haƙƙin dabba ya san abin da ake nufi.

Abincin doki a wannan yanki sananne ne: ingirici, da harawar wake ko ta gyaɗa, da dusa, da gero ko dawa, da ɗan kanwa. Kuskuren da ya fi yawa wajen dokin tsere shi ne a ɗura masa hatsi mai yawa gab da gasa don ya yi ƙarfi. Tumbin doki ƙarami ne in an gwada da jikinsa, bai fi cin lita 8 zuwa 15 ba, kuma doki ba ya iya amai. Hatsin da ya yi yawa a lokaci guda yakan jawo ciwon ciki mai kisa, ko kumburin cikin ƙofato wanda yake gurgunta shi. Kaɗan-kaɗan sau da yawa, tare da ciyawa isasshiya, shi ne daidai. Ruwa kuwa, doki yana shan lita 25 zuwa 50 a yini, fiye da haka ma a bazara, lokacin da zafi yake wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu; a gudu mai tsanani cikin zafi yana iya zubar da gumi fiye da lita 10 a awa guda. Al'adar hana shi ruwa tun safe wai don ya yi sauƙin jiki, cutarwa ce. A kwarin Gulbin Kaba, inda ruwan sha daga rijiya ake jawo shi da guga, wannan adadi aiki ne na gaske, kuma ƙasidar da ta faɗi lita ba tare da ta mayar da ita bokiti ko jarka ba, ba ta gama aikinta ba.

Shekaru ma suna da muhimmanci. Masu dawaki sun iya duba haƙori: na tsakiya na gaba suna sauyawa a shekara biyu da rabi, na kusa da su a uku da rabi, na gefe a huɗu da rabi, baki ya cika a shekara biyar. Ƙasusuwan baya ba sa gama ƙosawa sai wajen shekara biyar zuwa shida. Dukushin da aka fara yi wa zamiya tun bai sauya haƙori ba, gaɓoɓinsa ne za su biya. Linzamin gargajiya mai zobe, wanda yake kama haɓa yana kuma dukan ganɗa, shi ne yake sa zamiya ta yi kyau a ido, amma a hannun wanda bai iya ba yana yanka harshe da dasashi. Jini a bakin doki bayan jahi ba alamar jarunta ba ce. Haka ƙaimi mai tsini, da sirdin da aka ɗaura ba jalala mai kauri a ƙarƙashinsa har baya ya yi miki, da majayin da aka tsuke fiye da kima. A Faransa an ƙayyade yawan bulalar da mahayi zai yi a tseren sukuwa, tun 2023 kuma ba ta wuce huɗu ba. A filayenmu na ƙauye, inda sau da yawa yara ne ake ɗorawa saboda rashin nauyi, ba tare da hular kariya ba, maganar ta shafi mahayin kamar yadda ta shafi dokin.

Game da cututtuka, nan ne aikin masu bincike ya fi yawa. Sammore sananne ne da sunansa. Amma cutar dawakin Afirka, wadda wasu ƙananan ƙwari masu cizo da dare suke yaɗawa da damina, da kuma sandarewar jiki da ke biyo bayan rauni mai zurfi, wadda doki yake saurin kamuwa da ita kuma allura take hana ta, sunayensu a baki suna bambanta daga gari zuwa gari, wani lokaci ma suna guda ya rufe cututtuka biyu. A 2019, lokacin da murar dawaki da jakuna ta ratsa Nijar da arewacin Najeriya har zuwa Senegal ta kashe dubban jakuna, saƙon da ake buƙata gajere ne: a ware mara lafiya, a daina kai shi kasuwa, a bar shi ya huta. Irin wannan saƙo ba ya isa sai an kira cutar da sunan da mai dabba ya san ta da shi. Haka kuma ƙasida ba za ta yi shiru a kan lalas da sakiya ba, waɗanda har yanzu ake yi wa doki mai ɗingishi, ko a kan ƙwayoyi irin su taramol da ake ɗura wa dabbobin aiki don su daina jin gajiya. Dokin da aka kashe wa jin ciwo yana iya gudu a kan ƙafar da ta tsage har ta karye.

Hanyar tattara waɗannan sunaye ita ce a zauna da ƴan barga da dillalan dawaki da masu gyaran sirdi a ranakun kasuwar Mayahi da Tasawa, tare da malamin dabbobi wanda zai tantance cutar da ake nufi, a rubuta kowace kalma da garinta da alamomin da mai faɗa ya lissafa. A fara da dattawan da suka yi aiki a bargar sarakunan gargajiya, domin yawancinsu ba su da magada a sana'ar.